Wanda Ya Kashe a Kashe Shi? Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu Kan Ƙisasi da Hukuncin Kisa

Wasiƙun da suka taru a wannan fili game da hukuncin kisa sun kasu gida biyu. Akwai na masu neman tarihi da hujja, akwai kuma na waɗanda abin ya taɓa su a jika, wato waɗanda aka kashe musu ɗan'uwa ko aka yanke wa nasu hukunci. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran, na taƙaita su, na kuma ɓoye sunayen masu su. Maganarmu ta tsaya ne a kan kisan kai da ganganci. Sauran laifuffukan da doka ke yanke wa kisa sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A wata muhawara da muka yi a makaranta, wani abokin karatuna ya ce hukuncin kisa ragowar zamanin duhun kai ne, ɗaukar fansa ce kawai da hukuma ta karɓa daga hannun jama'a. Shin haka tarihin yake? (Ɗalibin shari'a, daga Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam. Abokin naka ya riƙo gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗaya gefen. Tabbas ɗaukar fansa ta girmi kowace doka, amma duk wanda ya bi diddigin tsofaffin dokoki zai ga cewa an kafa su ne domin a iyakance fansar, a hana ta wuce kan wanda ya yi laifi.

Doka mafi tsufa da ta iso gare mu a rubuce ita ce ta Ur-Nammu, sarkin birnin Ur a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, kimanin shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma hukuncin farko a cikinta shi ne wanda ya yi kisan kai a kashe shi. Bayan ƙarni uku da 'yan kai sai ga dokokin Hammurabi, sarkin Babila, waɗanda aka sassaƙa a jikin wani dogon dutse da aka tono a Susa ta ƙasar Iran a 1901, yanzu yana ajiye a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. A cikinsu an ce idan magini ya gina gida, ginin ya rushe ya kashe mai gidan, a kashe maginin. Idan kuma ɗan mai gidan ne ya mutu, a kashe ɗan maginin. Ka ga a nan an samu ma'auni, amma ma'aunin bai kai ga adalci ba, domin yaron da bai taɓa ɗora tubali ba shi ne zai mutu a kan sakacin ubansa. Haka kuma idon mai daraja da ido ake biyansa, idon talaka da azurfa, na bawa da rabin kuɗinsa.

Idan kana son ka ga halin da mutane ke shiga inda babu ma'aunin kwata-kwata, ka duba abin da Larabawa suka ruwaito na yaƙin Basus. Kulaibu, shugaban ƙabilar Taglib, ya harbe wata raƙuma da ke ƙarƙashin kariyar wata mata mai suna Basus, sai ɗan 'yar'uwarta Jassasu, mutumin ƙabilar Bakar, ya kashe Kulaibu. Ɗan'uwan mamacin, Muhalhilu, ya ɗaura aniyar fansa, aka shiga yaƙin da ake cewa ya kai shekara 40. Wani dattijon Bakar, Harisu ɗan Ubadu, ya janye jikinsa daga rikicin, daga baya ya aika da yaronsa Bujairu wurin Muhalhilu da fatan a sasanta. Muhalhilu ya kashe yaron, ya kuma ce jininsa bai biya komai ba face igiyar takalmin Kulaibu. Wannan magana ce ta jawo Harisu cikin yaƙin da ya daɗe yana gudu. Matsalar fansa ke nan a tsiraicinta: wanda aka yi wa rashi shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai ƙiyasta darajar mamacinsa, alhali babu wanda ke ganin ran wani ya kai na nasa.

A kan irin wannan al'umma ayoyin ƙisasi suka sauka. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ba waliyyin wanda aka kashe da zalunci iko, nan take kuma ta hana shi wuce gona da iri wajen kisa. Ayoyi na 178 da 179 a Suratul Baƙara sun wajabta ƙisasi, sun buɗe ƙofar afuwa da diyya, sun kira wannan sassauci da rahama daga Ubangiji, sannan suka ce akwai rayuwa a cikin ƙisasi. A huɗubar hajjin ban kwana Manzon Allah (SAW) ya soke duk jinanen jahiliyya, kuma ya fara da jinin gidansu, na ɗan Rabi'atu ɗan Harisu wanda Huzailawa suka kashe yana wurin shayarwa.

Sauran al'ummu ma wannan hanya suka bi, kowa da irin takunsa. Attaura ta ware birane shida da wanda ya yi kisa bisa kuskure zai gudu ya fake, ta hana a kashe mutum da shaidar mutum ɗaya, sai dai ta hana karɓar dukiya a madadin ran mai kisan ganganci. Daga baya malaman Yahudu suka tsaurara sharuɗɗan shaida har suka ce kotun da ke kashe mutum sau ɗaya a shekara bakwai mai halakarwa ce, wani daga cikinsu ya ce ko da sau ɗaya ne a shekara 70. A Atina ta ƙasar Girka, dokar Darako ta wajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), duk da kaurin sunan da ta yi wajen tsanani, ta bambanta kisan ganganci da na kuskure, ta yanke wa na biyun kora daga gari, ta kuma ba dangin mamaci damar yafewa. Saboda haka ka gaya wa abokinka cewa abubuwa uku ne suka raba ƙisasi da fansa: ba a kashe kowa sai wanda ya yi kisan, ba a kashe shi sai an tabbatar da niyyarsa, kuma alƙali ne ke yanke hukuncin, ba mai fushi ba.

TAMBAYA: Malam, in har abin yana da wannan asali, me ya sa ƙasashe da yawa suka soke shi? Tausayin mai kisa ne ya rinjayi tausayin wanda aka kashe? (Malamar makaranta, daga Damagaram)

AMSA: Malama, akwai masu wannan tausayi da bai san inda ya dace ba, amma ba su ne suka ja ragamar al'amarin ba. Sai an san irin hukuncin kisan da Turai ta yi fama da shi kafin a gane abin da ya sa aka tsane shi. A farkon ƙarni na 19 laifuffukan da dokar Ingila ta yanke wa rataya sun haura 200, har da satar tunkiya da satar kayan sule biyar a kanti, kuma a bainar jama'a ake ratayewa, mutane su taru kallo. Abin ya kai masu taya alƙali yanke hukunci suna rage ƙimar kayan da aka sata da gangan domin su kuɓutar da ɓarawo daga igiya. Wannan ba ƙisasi ba ne, ran talaka ne aka mayar da shi ƙasa da dukiyar mai hali.

A 1764 wani matashi ɗan birnin Milan, Cesare Beccaria, ya fito da hujjojin da har yau masu neman sokewa ke dogaro da su. Ya ce abin da ke tsorata mai laifi shi ne tabbacin za a kama shi a hukunta shi, ba tsananin hukuncin ba, kuma bai dace dokar da ta haramta kisa ta riƙa yin kisa a gaban jama'a ba. A 1786 masarautar Tuskani ta ƙasar Italiya ta soke hukuncin. Amma manyan masu tunani sun tsaya a ɗaya ɓangaren. Bajamushen nan Immanuel Kant ya rubuta a 1797 cewa ko da mutanen wani tsibiri za su watse kowa ya kama gabansa, wajibi ne su zartar da hukunci a kan mai kisan kai na ƙarshe da ke kurkukunsu kafin su tashi, domin kada alhakin jinin ya hau kansu. A 1868 John Stuart Mill ya tashi a majalisar dokokin Birtaniya ya kare hukuncin, ya ce kamar yadda cin tarar mai laifi ba ya nuna raina dukiya, ɗaure shi kuma ba ya nuna raina 'yanci, haka kashe mai kisa ba ya nuna raina rai.

Ni a wurina hujjar waɗannan biyun tana da ƙarfi, kuma ban ga wanda ya rushe ta ba. Wanda ya zauna ya shirya ya ɗauke ran wani ya yi abin da babu tara ko ɗauri da zai yi daidai da shi, kuma hukunta shi gwargwadon aikinsa ɗaukarsa ne a matsayin mutum mai hankali da ya san abin da ya zaɓa. Sai dai a Birtaniya ba muhawarar malamai ce ta kayar da hukuncin ba, kuskuren kotu ne ya fi yi masa illa.

A ƙarshen 1949 aka tsinci gawar wata mata da ta jaririyarta a ɗakin wanki na wani gidan haya, mai lamba 10 a layin Rillington Place a Landan. Aka kama mijinta, Timothy Evans, direban motar kaya wanda da ƙyar yake iya karatu. Ya amsa laifi a hannun 'yan sanda, daga baya ya janye ya ce maƙwabcinsa na ƙasan bene, John Christie, shi ne ya yi kisan. Ba wanda ya saurare shi, domin Christie tsohon ɗan sandan sa-kai ne, shi ne ma babban shaidan masu gabatar da ƙara. Aka rataye Evans ranar 9 ga Maris 1950. Bayan shekara uku wani sabon ɗan haya ya buɗe wani lungu da aka toshe a ɗakin girkin Christie ya tarar da gawawwaki, bincike ya gano gawar mata shida a gidan da lambunsa, har da matar Christie ɗin. Ya amsa cewa shi ya kashe matar Evans, aka rataye shi a 1953. Afuwar da aka yi wa Evans ta zo a 1966, shekara 16 bayan ya mutu. Birtaniya ta yi ratayarta ta ƙarshe a 1964, ta dakatar da hukuncin a kan kisan kai a 1965, ta tabbatar da sokewar a 1969. Faransa ta sare kan mutum na ƙarshe a 1977 ta soke hukuncin a 1981. A Amurka, inda jihohi da dama ke riƙe da shi, mutanen da aka yanke wa kisa sannan aka wanke su tun daga 1973 sun kai wajen 200.

A yau fiye da kashi biyu cikin uku na ƙasashen duniya sun soke hukuncin a doka ko sun daina aiki da shi. A nahiyarmu Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta soke shi a 1995, Ruwanda a 2007 duk da kisan kiyashin da ta gani, Chadi a 2020, Saliyo a 2021, majalisar Ghana kuma ta cire shi daga manyan laifuffuka na yau da kullum a 2023. A ƙasarku ta Nijar yana nan a doka, amma rabon da a zartar da shi tun 1976.

TAMBAYA: Malam, wani ya daɓa wa ƙanena wuƙa a kan rikicin kuɗi, ya rasu ya bar mata da ƙananan yara. Kotu ta yanke wa mutumin hukuncin rataya. Yanzu danginsa da dattawan unguwa suna ta sintiri a gidanmu suna roƙon mu yafe mu karɓi diyya, mahaifiyarmu kuwa ta ce ita ba za ta yafe ba. Muna da laifi a wurin Allah in mun ƙi? (Wani mai karatu, daga Funtuwa)

AMSA: Allah ya jiƙan ƙanenka, ya ba Mama haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ba ku da laifi in kun ƙi. Ƙisasi haƙƙinku ne da Allah ya ba ku, kuma duk wanda ya sa ku ji kamar ku ne azzalumai don kun riƙe haƙƙinku ya juya al'amarin ne kai a ƙasa. Amma tun da ka tambaya, ya kamata ka ji sauran maganar.

Afuwa ta fi falala, kuma Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa ba a taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) wata shari'a ta ƙisasi ba face ya yi umarni da afuwa a cikinta. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, idan ɗaya daga cikin 'ya'ya maza na mamaci ya yafe, kisa ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Wanda aka yafe wa kisan ganganci ba a sallamarsa haka nan, ana yi masa bulala 100 a ɗaure shi shekara guda. Kisan gilla kuwa, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi, babu afuwa a cikinsa, domin ya zama haƙƙin al'umma. Asalin diyya raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, ana kuma raba ta kamar gado, ma'ana matar marigayi da marayunsa da Mama duk suna da rabo. Wa ke da ta cewa a cikin magada, da yadda za a yi tun da yaran ƙanana ne, wannan sai ku zauna da malamin fiƙihu da ya san gidanku.

A watan Afrilu na 2014, a garin Nur da ke arewacin Iran, aka fito da wani matashi mai suna Balal domin a rataye shi a bainar jama'a saboda ya kashe wani saurayi da wuƙa a faɗan titi shekara bakwai kafin nan. An rufe masa ido da baƙin ƙyalle, an ɗora shi a kan kujera, an sa masa igiya a wuya, abin da ya rage shi ne iyayen mamacin su ture kujerar. Mahaifiyar, wadda ta sha faɗin ba za ta yafe ba, ta matso ta sharara masa mari, sannan ta ce ta yafe, ita da mijinta suka cire masa igiyar, uwar mai laifin ta rungume ta suna kuka. Na kawo wannan ne domin ka lura da lokacin da afuwar ta zo: sai da aka tabbatar wa uwar cewa haƙƙinta yana hannunta, babu mai ƙwace shi. Saboda haka ka roƙi dattawan nan su sassauta wa Mama, su bar ta da Ubangijinta, domin afuwar da aka matsa wa mutum ya yi ba ta kwantar masa da zuciya.

Ƙofar diyya ma tana da nata haɗarin idan hukuma ta yi sake. A Janairun 2011 wani Ba'amurke mai yi wa hukumar leƙen asirin ƙasarsa aiki, Raymond Davis, ya harbe mutum biyu a birnin Lahore na Pakistan, cikin watan Maris aka biya iyalansu diyyar da ta haura dala miliyan biyu aka fice da shi daga ƙasar. A can Pakistan ɗin kuma an daɗe ana ganin ɗan'uwa ya kashe 'yar'uwarsa da sunan kare mutuncin gida, iyayensu su yafe masa a matsayinsu na magada, har sai da majalisa ta yi dokar toshe wannan kafa a 2016. Inda mai kuɗi ke sayen ransa talaka kuma ya rataye, an koma dokar Hammurabi ta idon mai daraja da idon talaka.

Akwai kuma batun wace kotu ce ta yi shari'ar. A zamanin En'e kotunan manyan sarakuna suna yanke hukuncin kisa bisa Malikiyya, Gwamna ya tabbatar kafin a zartar. Kotun Sarkin Gwandu ta taɓa yanke wa wani mai suna Tsofo Gubba kisa saboda ya kashe kwarton matarsa, a 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin domin dokar Turawa tana rage laifin wanda aka tunzura. Irin wannan saɓani, tare da matsin lambar da aka yi gab da samun mulkin kai, shi ya kai ga kwamitin masana na 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda ya haifar da kundin dokokin laifuffuka na Final Kod da ya fara aiki a Arewa a 1960. A ƙarƙashinsa kisan kai laifi ne tsakanin mai laifi da gwamnati, sashe na 221 ya yanke masa kisa, kuma yafewar iyali ba ta goge hukuncin. Dokokin Shari'a da Zamfara ta fara aiki da su a 2000, sauran jihohi suka biyo baya, su ne suka dawo wa magada da zaɓinsu. To idan babbar kotun jiha ce ta yi hukuncin, ko kun yafe sai an kai maganar gaban gwamna, wanda sashe na 212 na tsarin mulki ya ba shi ikon sassauci. In har kuka kai ga karɓar diyya, ku yi ta a rubuce a gaban lauya da shaidu, a ware rabon marayu a adana musu shi.

TAMBAYA: Shin kashe mai kisa yana hana wasu yin kisa? (Wani ɗan kasuwa, daga Kumasi)

AMSA: Alhaji, masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A 1975 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Isaac Ehrlich, ya ƙiyasta cewa kowane hukuncin kisa da aka zartar yana hana kisan mutum kusan takwas, wasu suka bi lissafinsa suka nuna rauninsa. A 2012 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta tantance nazarce-nazarcen da aka yi ta ce ba su isa hujja a kan ko hukuncin yana rage kisa ko ba ya ragewa ba. Kanada ta soke shi a 1976, yawan kisan kai bai ƙaru ba a shekarun da suka biyo baya. A Najeriya an harbe 'yan fashi a bainar jama'a irin su Ishola Oyenusi a bakin tekun Legas a 1971 da Lawrence Anini a 1987, fashi bai ƙare ba. Mai kisa a cikin fushi ko maye ba ya lissafin igiya, mai shiryawa kuwa lissafinsa shi ne ba za a kama shi ba, kuma a ƙasashenmu sau da yawa lissafin nasa yana fita. Amma rayuwar da ayar ta ambata ba ta tsaya a kan tsoratarwa kaɗai ba. Duk ƙauyen da aka kashe mutum hukuma ta kasa kamo wanda ya yi, dangi sukan ɗauki doka a hannunsu, ramuwar gayya kuwa ta fi gayya zafi, sai a wayi gari an ƙone ruga ko an tare hanyar kasuwa, mutum goma sun tafi a kan mutum ɗaya.

TAMBAYA: Malam, kotu ta yanke wa wanda ya kashe Hanifa hukuncin rataya tun 2022. Me ya sa gwamnoninmu ba sa sa hannu a zartar da irin wannan hukunci? Tsoron Turawa ne ko tsoron alhaki? (Wata uwa, daga Kano)

AMSA: Hajiya, duk mai ɗa ya ji zafin abin da aka yi wa yarinyar nan 'yar shekara biyar, wadda mai makarantar da aka damƙa masa amanarta ya sace ta ya kashe ta, kuma Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukunci a watan Yuli na 2022. Doka ba ta hana zartarwa ba: sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da hukuncin kisa idan kotu ce ta yanke, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da halascinsa a shari'ar Onuoha Kalu a 1998. Sai dai ba a zartarwa sai wanda aka yanke wa ya ƙare damarsa ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, abin da kan ci shekaru, sannan takarda ta je teburin gwamna. Wannan sharaɗi ba wasa ba ne. A 1981 gwamnatin Jihar Oyo ta kashe wani fursuna mai suna Nasiru Bello, wanda aka samu da laifin fashi, alhali ƙararsa tana gaban kotun ɗaukaka ƙara, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce an karya doka an kuma tauye masa haƙƙin rayuwa.

Tun dawowar mulkin farar hula kaɗan ne aka zartar. An rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna a Janairun 2002 bayan wata kotun Shari'a a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, kuma ba shi da lauya, bai ɗaukaka ƙara ba. An rataye mutum huɗu a Jihar Edo a 2013, da wasu uku a 2016. Waɗanda ke zaman jiran hukunci a gidajen gyaran hali sun haura 3,000, wasu sun shafe shekara 20 a ɗakin da ba su san ko za su ga wayewar gari ba. Kwamitin da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya ba da shawara a 2004 cewa a dakatar da zartarwa har sai an gyara tsarin shari'a, saboda yawan hukunce-hukuncen da aka gina a kan iƙirarin da aka tatso a hannun 'yan sanda da kuma rashin lauyoyi ga talakawa.

Tsoron alhaki abu ne mai kyau ga shugaba, kuma an ruwaito daga Nana A'isha cewa shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi ya yi kuskure wajen uƙuba. Amma gwamnan da ya ƙi sa hannu, ya ƙi sassautawa, ya ƙi ko buɗe takardun, bai kuɓuta daga alhaki ba, ya ɗauki biyu ne: na iyalin da aka kashe musu ɗa aka bar su ba ƙisasi ba diyya, da na fursunan da wataƙila bai aikata ba. Ra'ayina shi ne ƙisasi adalci ne, amma hukumar da ba ta iya bincike ba ba ta cancanci ta riƙe igiya ba. Abin da nake roƙon kowane gwamna shi ne ya sa a duba takardun kowane fursuna ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka hukunta da iƙirari kaɗai ba tare da wata shaida ba, ko aka yi masa shari'a babu lauya, ko yana yaro lokacin da abin ya faru, a sassauta masa ko a sake masa shari'a. Wanda hujja ta tabbata a kansa kamar rana, ya ƙare ɗaukaka ƙara, magada kuma suka ƙi yafewa ba tare da an tursasa su ba, a sa hannu. Majalisun jihohi su gyara Final Kod ta yadda kotu za ta saurari magada ta kuma amince da diyya, a tilasta ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma a bidiyo ko a gaban lauyansa kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta yi nuni, a kuma ware wani asusu da zai ɗauki nauyin karatun marayun waɗanda aka kashe, tun da mafi yawan masu kisan ba su mallaki abin biyan diyya ba.